Inda muke cika tukunyar oksijin ɗin Baba

Wata uku kenan da aka sallamo Baba daga asibiti likita ya ce sai ya ci gaba da shan oksijin a gida, lita 2 a minti, shi ne muka sayi babbar tukunya a wani shagon kayan asibiti nan Kano kuma har yau wajensu muke cikawa.

Wallahi mutumin shagon ya kyauta mana, da kansa ya zo gida ya ɗaura regileta mai daidaita fitar iskar da robar hanci da ɗan kwalbar ruwan nan da ke jiƙa iskar kada hanci ya bushe, ya tsaya sai da Hajiya ta iya karanta agogon da ke nuna yawan iskar da ta rage. Idan tukunyar a cike take allurar agogon tana kaiwa wajen 150, a gabanka yake gwadawa kafin ka biya, wannan ne ya sa na yarda da shi don wani wajen da muka fara zuwa rabi suka zuba mana. Cikakkiyar tukunya tana kai mu kwana biyu da ɗan wani abu idan ba a kashe ba. Ya ja mana kunne sosai, ban da turaren wuta ko risho a ɗakin, ban da taɓa bakin tukunyar da hannu mai maiƙo ko basilin, kuma kada a kuskura a cika wajen masu walda.

Matsalata da su ɗaya, ba sa buɗewa da dare kuma kuɗin Adaidaita a kanka yake, ga nauyi sai mutum biyu. Dole muka ƙara ƙaramar tukunya ta ajiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.