Kiwon kajin Brahma a gida: ra'ayina bayan shekara ɗaya da su

Salam ƴan uwa masu kiwo. Tun bara nake cewa zan rubuta yadda na ga kajin Brahma ɗin nan, yanzu da suka cika shekara a hannuna, na ga zafi na ga damina na ga hunturu da su, ina ganin lokaci ya yi.

Dalilin da ya sa na saye su ma ba ƙwai ba ne, ba nama ba ne, yarana ne. Muna da wani zakaran Hausa ja a gidan, wallahi ya hana ƙaramar ɗiyata sakewa a tsakar gida, da ta fito da ɗan biredi a hannu sai ya taso mata, har ta kai ko kaza ta gani a hanya sai ta ƙanƙame ni tana kuka. Wata maƙwabciyata ce ta ce min in gwada Brahma, ta kai ni gidan ƙanwarta a Zariya na ga zakaransu, ƙato ne tsayinsa ya wuce gwiwata amma yaro ɗan shekara uku na shafa bayansa yana tsaye abinsa. A ranar na yanke shawara.

Guda biyar na saya, zakara ɗaya mata huɗu, farare masu baƙin gashi a wuya da wutsiya, ƴan wata uku. Kuɗin kam ba wasa, abin da na biya zai sayi kajin Hausa da yawa, sai da Baban yara ya yi ta tambayata anya kuwa.

Maganar hali dai, tsakani da Allah ban taɓa kiwon kaza mai sanyin hali irin wannan ba. Ba sa faɗa, ba sa gudu in ka matso, tafiyarsu ma a natse kamar ba sa son taka ƙasa. Ɗiyar tawa da take tsoron kaza yanzu ita ke kai musu dusa da safe, tana zama a kan tabarma suna ci a tafin hannunta, ɗaya daga ciki har kwanciya take yi a cinyarta. Zakaran in ya samu abinci sai ya kira matan tukuna, caransa mai kauri ne kuma ba ya yawan yi, maƙwabta ba su taɓa kawo ƙara ba. Kuma saboda nauyi ba sa tashi sama, ɗan shingen waya da bai kai ƙugu ba ya ishe su, ba ruwana da bin kaza gidan mutane da magariba, wannan kaɗai ya rage min wahala sosai.

Wasu na cewa kajin Indiya ne saboda sunan ya fito daga kogin Brahmaputra, amma a Amurka aka samar da irin, daga manyan kaji masu gashi a ƙafa da aka kawo daga Shanghai ta ƙasar Sin, har a 1852 wani mai kiwo George Burnham ya aika wa Sarauniya Victoria ta Ingila kyautarsu, daga nan suka yi suna. Na faɗi wannan ne don a gane kajin ƙasar sanyi ne, jikinsu cike da gashi har yatsu, zankonsu ɗan ƙarami, zakara kan kai kilo 5 da ɗoriya mace wajen kilo 4, to irin wannan jikin a zafinmu na Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40 akwai aiki.

A nan ne na sha wuya. Kaza ba ta gumi, haki take yi ta buɗe fukafukai, kuma Brahma na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Wata rana a Afrilu na dawo daga unguwa da azahar na samu ɗaya a kwance a kusurwar akurki ta mutu, rufin kwano ne kuma ruwansu ya yi zafi, abin ya taɓa ni ƙwarai, yaran ma sun yi kuka. Daga ranar na ɗora zana a kan kwanon, na buɗe gefe biyu na sa waya don iska, na koma zuba musu ruwa daga randa sau uku a rana, wani lokacin in jefa ƙanƙara in akwai wuta, sannan ina jiƙa yashi a gindin darbejiya su kwanta a kai. Ban ƙara rasa ko ɗaya ba Alhamdulillah.

Damina kuma matsalarta gashin ƙafa, taɓo yana manne musu ya daskare, in ba a lura ba ƙafar ta yi ciwo, ƙwari ma suna ɓuya a ciki. Ina shimfiɗa buntun shinkafa a akurkin ina canzawa, ina duba ƙafafun duk sati, ga kwanon toka da yashi da suke birgima a ciki. Sandar da suke hawa su kwana ma ƙasa-ƙasa na yi ta, don in suka diro daga sama da wannan nauyin tafin ƙafarsu na kumbura.

Rigakafi kar a yi wasa da shi, musamman Lasota na cutar Newcastle da ke share kaji lokacin hunturu, duk wata uku nake ba su, na yi musu na Gumboro da na ƙuraje ma ta hannun likitan dabbobi, kuma akwai wanda ake yi a nan gida a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ta jihar Filato.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wanda ya sayar min, ya ce wata biyar za su fara ƙwai, sai da suka kusa wata takwas. Irin ne haka, a hankali suke girma, da ya faɗa min gaskiya da ban yi ta damuwa ina zaton ciwo ne ba. Yanzu kowace tana ba ni uku ko huɗu a sati, ƙwai mai ruwan ƙasa, amma cin su ya fi ƙarfin ƙwan, buhun abinci ba ya daɗewa. Wanda ke neman riba ta ƙwai ya nemi kajin Shika Brown na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, mai son nama da wuri ya ɗauki kajin Noiler masu saurin girma, Brahma ba ta nan ba ce.

Kwanci kuma, ɗaya ta gwada ta fasa ƙwai biyu da nauyinta, sai na kwashe sauran na sa wa wata kazar Hausa, kwana 21 cif ta ƙyanƙyashe min ƴan tsaki shida da ɗan gashinsu a ƙafa tun ranar farko.

In maki ne ina ba su 4 cikin 5, ɗayan zafi ne ya cinye shi. Mai yara a gida da ɗan fili da inuwa ya saya hankali kwance, amma ya je da kansa ya ga iyayen tsakin kafin ya biya, don ana haɗa su da wasu kaji a sayar da sunan Brahma. Ƴan tsakin nan shida ba zan sayar ba, biyu na yi wa maƙwabciyar tawa alkawari, huɗu na ɗiyata ne.