Kihin Dubai na Alhaji: mai layi huɗu ne ko mai biyar?

Salam yan group. Alhaji, hoton kihin da ka turo daga kasuwar kihi ta Dubai, rawaya mai layuka shuɗɗa, kana tambaya iri guda ne ko biyu tunda wasu na da ɗigo baƙi wasu babu. Iri biyu ne, amma yan gida ɗaya, dangin Lutjanidae da Faransawa ke ce ma vivaneau. Kihin teku ne mai zama wurin duwatsun murjani, kar wani ya tai nemansa tabkin Madarunfa.

Ka ƙirga layukan kawai. In huɗu ne, kuma cikinsa fari da wasu siraran zane masu toka-toka da sai ka matso za ka gani, to Lutjanus kasmira ne, wanda masanin halittu Forsskal ya bayyana a 1775. In biyar ne, na biyar ɗin yana can ƙasa wajen ciki kuma rawayar ta sauko har can, wannan Lutjanus quinquelineatus ne, wanda masanin kihi Bloch ya bayyana a 1790. Shi mai biyar ɗin yawanci yana da ɗigo baƙi ta baya ƙarƙashin ƙayar bisa, amma ni ban yarda a dogara da ɗigon ba don wani lokaci ya kan dushe, kuma kihin da ya kwana kan ƙanƙara kalarsa duk kashewa take, ƙirgan layi ya hi tabbas.

Girma kusan ɗaya, kasmira na kai santimita 40 ɗayan 38, wato ba su wuce babbar karfasa ba. Da rana garke suke yi bisa murjani ba su cika motsi ba, dare na yi su watse neman jatan lande, ƙaguwa da ƙananan kihi. Ƙwai ma cikin ruwa suke zubawa ruwa ya tai da shi, ba gadi ba reno.

Inda suka rabu sosai wurin yaɗuwa ne. Kasmira tun daga Bahar Maliya da gabar Afirka ta Gabas har tsibiran Pasifik akwai shi, har Hawai aka kai shi da gangan a shekarun 1950 don a ƙara kihin ci, ya hayayyafa ya cika wuri masunta kuma ba su so shi ba tunda ba ya tsada. Mai biyar daga Tekun Fasha ya yi gabas zuwa Fiji.

Na hannun dama cikin hotonka huɗu na ƙirga. Na hagu wani ya danne mai ciki, ka sa mai kihin ya juyo shi ka sake ɗauka.