Dattijon fita da ya hana a buɗe mini inji a Ada

Ni ɗan unguwar Nima ne a Akra, sana'ata sayar da kayan gyaran mota, kuma har bara ban taɓa mallakar abin da ke tafiya a kan ruwa ba. Wani abokina ne ya ja ni cikin harkar yawo da baƙi a Ada Foah, inda kogin Volta ke zuba cikin teku. Asabar da Lahadi mutanen Akra kan cika bakin ruwan, kowa na neman wanda zai zagaya da shi tsibirai. Sai na sayi jirgin faiba na hannu a Tema, mai cin mutum takwas, da injinsa a maƙale, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda masunta ke kira foti. Mai sayarwa ya rantse mini hom-yus ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga ƙasar waje. Fentin da ya koɗe bai goyi bayansa ba, amma na saya.

Injin ba ya gardamar tashi, ja ɗaya ko biyu ya kama. Matsalar tana wajen gudu. In na murɗa totur har ƙarshe sai jirgin ya ɗaga hanci sama ya tsaya a haka, yana tura ruwa da ƙirji kamar saniya a laka. Wayata ta nuna kilomita 23 a awa, mu uku kacal a ciki. Yaran Ada da kwale-kwalen katako suna wuce ni suna ɗaga mini hannu, ga mai yana tafiya kamar an huda tanki. Ni kuwa ba masunci ba ne, firimis ɗin nan shuɗi, wato fetur haɗe da man inji, da gwamnati ke sassauta wa masunta ba rabona ba ne. Fetur nake saya a gidan mai in haɗa da kaina, man inji kashi 1 fetur kashi 50.

Fita na farko, wato makanikin da na fara kai wa, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ya sauya fulogi, ya wanke kafireto, ya karɓi kuɗi, ba abin da ya canza. Da na koma sai ya ce ai injin ya gaji, a kwance shi a sa fistin da zobba sababbi. Bai taɓa shiga jirgin ba ko sau ɗaya, a cikin duron ruwa ya yi duk gwajinsa.

Wanda nake wannan sharhi a kansa dattijo ne daga Ashaiman, ya daɗe yana gyara wa masuntan Tema injuna. Abin da ya fara burge ni shi ne ya ƙi in kai masa injin shago. Ya ce, "Ɗana, inji a duro ba ya faɗin gaskiya. Sai da nauyi a bayansa." Dole na ɗauke shi da yaronsa a mota, muka bi ta Kasseh har Ada.

Kayan aikinsa ba su cika jakar leda ba. Ya cire fulogi biyun, ya murɗa agogon auna matsin iska a kowace silinda, yaron ya ja igiya. A duka biyun allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya. Ya ce in tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi ɗaya cikin goma, nan ne ake fara maganar zobba, nawa kuwa lafiya lau suke. A nan kaɗai ya tsirar mini da kuɗin da ya fi na aikinsa nesa ba kusa ba.

Daga nan ya fito da wani ɗan agogo kamar akwatin ashana, ya naɗe wayarsa a jikin wayar fulogi, muka shiga ruwa. Na buɗe totur duka, agogo ya nuna juyi 3,900 a minti. Irin wannan injin an ƙera shi ne ya kai tsakanin 4,500 da 5,500 in an sake masa wuta. Na ce, "Masta, ke nan injin ne ba ƙarfi?" Bai amsa ba. Ya sassauta ɗan murfin iska na tanki, ya sa yaron ya riƙa matsa ƙwallon tiyon mai muna cikin gudu. Da mai ne ba ya isa, da injin ya farfaɗo a lokacin. Bai ko motsa ba. Kafin mu tashi kuma ashe ya ja layi da ƙusa daga cibiyar farfela zuwa jikinta, saboda akwai roba a tsakaninsu wadda in ta tsufa takan riƙa zamewa. Muka dawo layi na nan a miƙe. Ya ce dama bai zaci ita ba ce, don in roba ta sake inji ihu yake yi jirgi na tsaye, nawa kuwa nishi yake.

Wannan bambancin na ihu da nishi shi ne duk karatun da na samu a ranar, kuma da agogo ake raba su, kunne na iya yaudara.

Sai ya ce a fito da jirgin kan yashi. Samari shida na biya suka ja shi, muka kwantar da shi ta gefe. Na ji kunya. Tun da na saya yana cikin ruwa, ruwan Ada kuma rabin gishiri ne, ƙasan duk ya cika da gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke mannewa kamar siminti. In ka shafa da tafin hannu sai su yanke ka. Dattijon ya tsugunna a baya ya kwance wani ɗan toshi da ban ma san da shi ba, na tsakanin bene da ƙasan jirgi. Ruwa ya fara zuba, baƙi mai wari. Yaron ya tara bokiti, muka ƙirga bakwai. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato wata huɗu ina yawo da fasinja ɗaya da rabi da ba sa biyan ko sisi. Tsagar da ruwan ke shiga tana can ƙarƙashi, tsawon ɗan yatsa.

Kankara da liƙi sun ci kwana biyu, wani mai aikin faiba ne ya yi. Da muka sake gwadawa juyi ya hau 4,600, jirgi ya sauke hanci ya kwanta a kan ruwa, waya ta nuna 33. Ni har na fara godiya, shi kuwa ya ce a kira samarin nan su shiga. Da muka cika takwas sai nishi ya dawo.

Nan ya nuna mini lambobin da ke jikin farfela. Ta farko faɗinta ne, ta biyu kuwa nisan da take son ci gaba a juyi ɗaya, tawa inci 13. Ya ce wannan ta jirgi marar nauyi ce. Da ya ga ban gane ba sai ya yi mini da yaren sana'ata: "Ka loda mota ka ce za ka hau tudun Aburi da giya ta biyar?" Rage inci ɗaya yakan ƙara juyi 150 zuwa 200. Ya kawo mai inci 11, agogo ya tsaya wajen 5,000, gudu 35 mu uku. Ƙarin kilomita biyu ba abin a zo a gani ba ne, amma yanzu da mutum takwas jirgin na tashi ya kwanta cikin ɗan lokaci, jarkar da ba ta kai ni la'asar kuma tana kai ni magariba.

Ba zan ɓoye abin da ban ji daɗinsa ba. Ya ce mini Talata, sai Alhamis na same shi, wayarsa a kashe kwana biyu. Asabar guda ta wuce ni a banza. Farfelar da ya kawo ta hannu ce, gefen kunne ɗaya ya ɗan ɓantare, kuma bai faɗa ba sai da na gani da idona, sannan ya goge da fayil ya ce ba komai. A wajen kuɗi ma ba ya ragi, ya kusan ninka na fita na farko, ban da mota da abincinsu shi da yaro. Ga shi ba ya bayani sai ka matsa masa da tambaya, yaron nan kuwa tsawa yake sha kamar ba ɗan mutum ba. Wanda injinsa ke cikin Akra ko Tema zai fi ni jin sauƙinsa, don rabin abin da na kashe na hanya ne.

Duk da haka shi zan sake kira. Da zai tafi ya kalli ruwan da ke tsartowa ta bayan inji ya ce ya yi rauni, robar famfon sanyaya inji ta kusa, kada in bari ta kai Kirsimeti lokacin da baƙi ke yawa. Na riga na sayo ta, tana cikin motata. Tsohuwar farfela mai 13 kuwa na ɗaure ta ƙarƙashin kujerar baya da sifana ɗaya, saboda tudun yashin bakin teku ba ya zama wuri ɗaya.