Daga Jamus: wutar cek da ke kamawa tana mutuwa

'Yan'uwa makanikai na gida, ina gaisuwa. Kun yi tambaya kan yadda ake yi a nan da motar da wutar cek (fitilar gargaɗin matsalar injin da ke gaban direba) ke kamawa yau, jibi ta mutu da kanta, direba ya ce ai ta warke.

Ba ta warke ba. Ƙwaƙwalwar motar tana kashe wutar ne in an yi tafiya uku a jere matsalar ba ta sake bayyana ba, amma lambar laifin tana nan a ajiye har sai injin ya yi zafi ya huce sau 40. Tare da lambar akwai bayanin halin da injin yake ciki lokacin da abin ya faru: zafinsa, juyinsa, gudun motar. Shi ya sa bakaniken nan ba ya goge komai sai ya kwafe wannan. A gida kuwa sau da yawa rewaya ya jona kwamfuta, ya goge, ya karɓi kuɗinsa. Wani ma baƙin salatif yake mannawa a kan wutar. A nan hakan ba ya ci, domin duk shekara biyu mota sai ta je gwajin lafiya, kuma in wutar tana kunne ba za ta samu sitika ba.

Na'urar karatun ba wata tsiya ba ce. Motocin fetur na Turai tun daga 2001 suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa a wannan soket, ta haɗu da waya, ba ta wuce kuɗin cefanen yini, kuma tana karanta lambobin injin. Aikin hannu shi ne mai tsada: garejin kamfani yakan caji sama da Yuro 100 a awa ɗaya.

In lambar laifin da aka karanta P0011 ce ko P0012, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin injin, bai je inda aka umarce shi ba. In P0016 ce, kamshaf da kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, sun saɓa. Kafin a taɓa sifana, a zaro sandar awon baƙin mai. Tsarin VVT-i na Toyota da makamantansa, mai sauya taimin (lokacin buɗewar bawul), ƙarfin mai ne ke juya shi, saboda haka in man ya yi ƙasa, ko ya yi kauri, ko juye ya daɗe, taimin zai riƙa makara wani lokaci ya daidaita wani lokaci. Nan ne bambancin kaya ya fi fitowa. A Jamus mai yana zuwa da lambar amincewar kamfani a jikin galan, kamar VW 504 00. Mu kuwa injin da aka ƙera don mai marar kauri 5W-30 sai a ɗura masa mai kauri 20W-50 wai don zafin rana, a haɗa da filta jabu, ga ƙurar hunturu.

Daga nan sai bawul ɗin da ke sakar wa kamshaf mai. A Corolla mai injin 1ZZ, in bawul ɗin lafiyayye ne kuma yana sanyi, mitar awon lantarki za ta nuna om 6.9 zuwa 7.9. Kusa da shi akwai 'yar rariya ƙarama a jikin kan injin, in ka ciro ta toshe za ka ga baƙin dauɗa kamar kwalta. A nan galibi sabon bawul kawai za a oda da lambar shasi. Wanke rariyar da fetur, a busar, a mayar, wannan kun fi su, kuma sau da yawa yana wadatarwa.

P0335 na sensan kiranshaf ne, P0340 kuma na sensan kamshaf. Sensan da ya soma lalacewa yakan yi aiki da sanyi, ya ɗauke in injin ya gasu. A girgiza wayarsa injin yana aiki, a duba ko mai ya shiga soket.

In duk wannan lafiya lau, amma da asuba ana tayar da mota sai a ji kar-kar na daƙiƙa biyu zuwa uku, cen ɗin taimin da ke haɗa kiranshaf da kamshaf ya miƙe ko abin ɗaure shi ya saki. Tsofaffin injinan 1.4 TSI na Volkswagen masu cen sun yi ƙaurin suna da wannan, kuma irinsu na shigo muku ta Kwatano. A nan ana sauya cen, abin ɗaurewa da robobin da yake bi duka tare, a kulle kamshaf da kiranshaf da ƙarafunan saiti. Ɗauko cen ɗan Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano asara ce, don shi ma ya riga ya miƙe. In ya tsallake haƙori, fistin zai doki bawul, aikin ya koma sauke kan injin.

Wutar da ke ƙyaftawa daban take da wadda ta tsaya cak. Ma'anarta silinda tana fashin wuta, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa. Ku ce wa direba ya faka nan take ya kashe.