Fenbendazol ko ibamektin: wanne ne bai fi ɓata aikin garkuwar jiki ba?

Wata 'yar'uwa a nan guruf, mai yin digiri na biyu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ta ce ta manna salatif a gindin ɓerayenta ta duba a maikuroskof sai ga ƙwan tsutsa, aikinta kuma na auna garkuwar jiki ne, tana tambaya cikin magungunan tsutsa fenbendazol za ta ba su ko ibamektin, ko ta ƙyale su kawai.

Malama, zancen ƙyalewa ki cire shi tun yanzu. Ƙwan da ake gani a salatif ɗin nan yawanci na wata tsutsar hanji ne mai suna Syphacia obvelata, akwai kuma ɗayar, Aspiculuris tetraptera, ita a kashi ake samun nata. Ɓeran zai yi ta cin abincinsa lafiya lau kamar ba komai, amma a ciki tsutsar ta riga ta juya garkuwarsa ɓangaren Th2, wato salon garkuwar da ke yaƙar tsutsa, sinadaran garkuwa irin su IL-4 da IL-5 da IgE duk sun tashi, to in abin da kike aunawa kenan wa ya sani ko abin da kike gwadawa ne ya yi aiki ko tsutsa ce.

Ibamektin dai shi ne a kusa, duk shagon maganin dabbobi da kika shiga a Muda Lawal ko Wunti za a miƙo miki, ga arha, kuma yana kashe ƙananan ƙwarin fata (mites) da ke cikin gashin ɓerayen. Shanye tsutsar yake yi ta jijiya. Sai dai baya kashe ƙwai, dole a yi ta maimaitawa. Kuma an nuna yana rage kumburi a ɓeraye, yana sauke sinadaran kumburi TNF da IL-6, wanda kuwa ke nazarin kumburi wannan ai shi ne ainihin ma'auninsa. Sannan ga haɗari ga ƙwaƙwalwa. A 1994 masu bincike a Amstadam suka fesa wa ɓerayensu shi saboda ƙwarin fata, waɗanda aka cire wa ƙwayar halittar mdr1a suka mutu, ashe furotin ɗin da take samarwa shi ke hana maganin shiga ƙwaƙwalwa, ba shi kuwa kusan ninki 100 suka fi sauran saurin cutuwa. Jariran ɓeraye ma ana taka-tsantsan da su saboda shingen ƙwaƙwalwarsu bai gama ƙwari ba.

Fenbendazol hanyarsa daban, tubulin ɗin tsutsa yake kamawa, wato furotin ɗin da ke riƙe ginin ƙwayoyin jikinta, yana taɓa babba da ƙarama har da ƙwai, shi ya sa gidajen kiwon ɓerayen bincike suka fi dogara da shi. A abinci ake saka shi, miligiram 150 a kilo ɗaya na abincin, wasu sati ɗaya da magani sati ɗaya babu har a yi zagaye da yawa, wasu kuma a jere. Ga ɓera ya fi sauƙi gaskiya. Amma shi ma ba waliyyi bane. An ga yana taɓa ƙwayoyin garkuwa na B masu tasowa a ɓargo, musamman a tsofaffin ɓeraye, kuma a 2008 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka aka lura ɓerayen da suka ci shi haɗe da ƙarin bitamin kansar da aka dasa musu ta ƙi girma yadda aka saba gani. Maganin tsutsa fa! To mai aiki a kan cutar kansa ya buɗe ido sosai.

Matsalarsa a wajenmu ita ce haɗin. Can waje an riga an gauraya shi a abincin tun daga kamfani, mu kuwa abincin kaji muke saye, mutum ya zuba gari a roba ya juya da hannu, wani ɓeran ya ci mai yawa wani ko ɗanɗano. Ki niƙa abincin, ki auna da sikelin lab, ki fara cuɗa maganin da ɗan kaɗan sannan ki yi ta ƙarawa, ki dunƙula ki shanya, in iska ta bushe a Bauchi ba ya ɗaukar lokaci.

Ni dai in aka ce in zaɓa, fenbendazol ne, ibamektin sai in akwai ƙwarin fata. Amma wallahi abin da ya fi zaɓin magani muhimmanci shi ne lokacin da aka bayar. Kar ki bayar a tsakiyar gwaji. Kar ki ba kejin da kika ga ƙwai kaɗai, ki ba kowa har da kwantirol, wato rukunin da ake kwatanta sauran da shi, rana ɗaya, abinci ɗaya. In kin gama ki bar su su huta, a ganina sati 4 zuwa 6, don tasirin maganin da na tsutsar su lafa, sai ki sake gwajin salatif da na kashi kafin ki ɗebi jinin farko. Ki wanke kejuna da ruwan zafi ki canza garin katako gaba ɗaya, ƙwan yana daɗewa a ƙura, in ba haka ba cikin sati 2 Syphacia ta sake zagayowa.

Ki kuma rubuta komai a babin hanyoyin bincike, sunan maganin, yawansa, ranar farawa da ranar tsayawa. In lokaci ya ƙure miki ki zauna da sufabaiza da likitan dabbobi, wani lokacin sayen sababbin ɓeraye a ajiye su a wani ɗaki daban a gwada su ya fi wannan jiran sauƙi.