Miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa ko yi masa shari'a a gida?

Tun da Amurka ta nemi Najeriya ta miƙa mata babban jami'in 'yan sanda Abba Kyari bisa zargin hannu a wata damfara, buƙatar da Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yi watsi da ita a 2022, mutane suke tambayata wace hanya ce ta fi adalci.

Ta fuskar hujja, miƙawa ta fi ƙarfi, domin shaidu da waɗanda aka cuta suna inda aka aikata laifin, kuma kawo su nan yana cin kuɗi da lokaci. Amma haƙƙin wanda ake zargi ya fi damuna: zai tsaya gaban dokar da bai sani ba, nesa da danginsa, beli kuma kan yi wa baƙo wuya. Shi ya sa tsarin mulkin Brazil ya hana miƙa haifaffen ɗan ƙasa, yayin da ƙasashen Turai kan nemi tabbacin cewa ba za a zartar da hukuncin kisa ba.

Shari'ar gida tana da nata haɗarin, wato mai hannu da shuni ya yi ta jan ƙafa har shari'ar ta mutu.

Miƙawa ta dace da ƙasar da kotunanta suke da rauni, muddin ƙasar da ke neman a miƙa mata shi tana mutunta haƙƙin fursuna. Shari'ar gida kuwa ta dace da ƙasar da za ta iya hukunta nata da gaske, musamman idan zargin yana da ƙamshin siyasa.