Sauya sabar suna ko gyara layin A kawai: wanne ne ba zai tsayar maka da imel ba?

Ɗan'uwa, ka ce sabon kamfanin hostin, wato mai ajiye shafinka na intanet, ya ba ka sabar suna guda biyu ka saka a domen ɗinka, alhali imel ɗinka yana wani kamfani daban, kana tsoron kada saƙonni su daina shigowa. Kana da gaskiya da ka tsaya ka tambaya. Hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma ɗaya ta fi ɗaya haɗari nesa ba kusa ba.

Sabar suna, wato NS, ita ke riƙe da littafin adireshin domen ɗin baki ɗaya. A cikinsa layin A ke nuna inda shafinka yake, layin MX kuma ke nuna inda za a kai wasiƙa. Ranar da ka sauya NS, ka ajiye tsohon littafin ke nan ka ɗauko sabo, kuma babu layin da zai biyo ka da kansa.

Hanya ta farko ita ce wadda kamfanin ya faɗa maka, wato sauya NS. Amfaninta shi ne su za su riƙa kula da komai, ko sun sauya lambar IP, wato lambar adireshin sabarsu, ba ruwanka. Matsalar ita ce yawancin kamfanonin hostin suna cika sabon littafin da MX nasu. Daga nan wasiƙunka su nufi sabar da ba ta san akwatinka ba, ta mayar da su da lambar 550, wato ta ƙi karɓa. Wannan ya fi sabar da ta mutu muni, domin idan saba ba ta amsa ba, mai aikawa yakan ci gaba da gwadawa har kwana 4 zuwa 5, amma wasiƙar da aka mayar da 550 ba a sake gwada ta.

Idan wannan hanyar za ka bi, to kafin ka taɓa NS ka kwafe kowane layi zuwa sabon wurin. MX da lambar fifikonsa: na Google Workspace a yanzu smtp.google.com ne mai fifiko 1, na Microsoft 365 kuma yakan ƙare da mail.protection.outlook.com. Sai layukan da ke tabbatar da cewa saƙo daga domen ɗinka ya fito, waɗanda aka fi mantawa da su: SPF, DKIM da DMARC. Yawanci layukan TXT ne, wato layukan rubutu. Ba su ne ke shigo da wasiƙa ba, shi ya sa mutum zai ga saƙo na shigowa ya ɗauka ya gama, alhali nasa da yake aikawa suna faɗawa kwandon shara, wato spam. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan. DKIM dai sai ka nemo shi da idonka, yana ƙarƙashin suna irin google._domainkey ko selector1._domainkey, kuma manhajojin da ke kwafe layuka da kansu sukan tsallake shi. SPF guda ɗaya ake yi wa domen. Idan sabon kamfani ya saka nasa, ka haɗe su a layi ɗaya. In kana da DNSSEC, wato tsarin da ke sa wa littafin hatimin tsaro, a kunne, kashe shi tukuna, in ba haka ba shafi da imel duk za su ɗauke. Kuma kada ka goge tsohon wurin sai bayan awa 48, domin a tsakanin nan wasu na karanta tsohon littafi, wasu sabo.

Hanya ta biyu gajeriya ce. Ka bar NS a inda yake, ka karɓi lambar IP daga kamfanin hostin, ka saka ta a layin A, ka daidaita na www. MX da TXT ba a taɓa su ba. Idan ka rage TTL, wato tsawon lokacin da wasu sabobi ke riƙe tsohon layi kafin su sake dubawa, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya kafin aikin, sauyin zai kama cikin 'yan mintoci, komawa baya ma haka. Abin da za ka ɗauka a kanka shi ne gyara IP da hannunka duk ranar da suka sauya ta.

Sai dai ka duba abu guda kafin ka fara. Buɗe kwamfuta ka rubuta nslookup -type=mx sannan sunan domen ɗinka. Idan amsar ta nuna domen ɗin kansa, ko wani suna mai farawa da mail wanda layin CNAME, wato layin laƙabi, ke mayar da shi ga domen ɗin, to sauya A zai ja imel ɗin ya bi shafin. Sai ka fara yi wa sunan mail layin A nasa mai tsohuwar IP, ka sa MX ya nuna shi.

Ni a matsayinka ta biyu zan bi, tunda shafi kawai kake son matsarwa. Ko wacce ka zaɓa, in sabon hostin na amfani da cPanel, wato allon sarrafa hostin, shiga Email Routing ka zaɓi Remote Mail Exchanger, don kada saƙonnin da shafinka ke aiko maka su maƙale a sabarsu. Bayan haka ka aika wa kanka saƙo daga Gmail, ka amsa shi, ka buɗe asalin amsar a Gmail ka tabbatar SPF da DKIM sun nuna PASS.